Sawun Inna a Masussuka

Daren Talata, Bonkuku, bayan girbi

Yau na koma masussuka, karon farko tun rasuwar Inna. Da safe iska ko motsi ba ta yi, ƙaiƙayi na zubowa tare da hatsi. Inna kan ce a jira ƙasa ta yi zafi, zafin ne ka tashi sama ya jawo iska. Na jira. Sawunta na nan cikin ƙura inda take tsayawa, ina ta kewaye shi kada in taka. Da rana ta take iskar ta zo, sai 'yar guguwa ta ratsa wurin. Ƙanwata ta ce, “Yaya, hatsinmu ya fita tas.” Na duba ƙasa. Sawun babu.