Ceɗiyar Ƙofar Gidanmu

Ƙauyen Shakeng, Meixian
Farkon wata na uku

Zuwa ga Yayata Suilan,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki, kuma damunar Ipoh ba ta tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Ni dai tun da na ajiye aikin ofis na dawo gida wurin Inna, lafiya lau nake, zuciyar da aka yi wa aiki ba ta sake yi mini gardama ba.

Inna ce tari ya ƙi saki. Likita ya ce tsufa ne, amma ni na gano sanadin. Kin san ban taɓa zama gaban malamin fung-shui, mai duba sa'a da tsiyar mazaunin gida, ba, sai dai na tara ƙasidun da ake sayarwa a bakin tasha, na bi su layi-layi. Dukkansu bakinsu ɗaya: busasshiyar bishiya idan ta fuskanci ƙofa, shanye numfashin gida take yi, kuma da mafi tsufa take farawa. To, ceɗiyar nan ta ƙofar gidanmu ta bushe ƙayau, babu ganye ko na magani. Na tsaya a dokin ƙofa da kamfas mai nuna gabas da yamma na auna, na sake aunawa don kada in zalunce ta. Saitin ƙofar take, kamar an ja zare.

Da na tuntuɓi Inna, cewa ta yi, "Kai da takardunka! Je ka nemi abin yi." Saboda haka ranar da za ta asibitin gari zan sa a sare ta. Masu saran itacen ƙauyenmu kowa ya ce kafaɗarsa na ciwo, dole na samo wani daga ƙetaren kogi.

Ki gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ƙanenki mai biyayya,
Kunfa

Ƙauyen Shakeng
Tsakiyar wata na uku

Yaya Suilan,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarku. Ki gafarta mini munin rubutun nan.

An sare ceɗiya. Inna ta sauko daga mota, ta ga fili fayau a ƙofar gida, ta saki ledar maganinta, ta zube a kan kututturen tana kururuwa: "Wayyo ni! Yaron nan ya sare uwarsa!"

Na zaci hankalinta ne ya taɓu. Sai maƙwabcinmu Baba Deng, mai gyaran keke, ya ja ni gefe ya ce, "Kai Kunfa, karatun ne ya cinye maka kai? Ka ga duk masu gatari sun kamu da ciwon kafaɗa rana ɗaya, ba ka tambayi kanka ba?"

Yaya, ashe an haife ni ba ƙwari, bayan maza biyu sun koma tun suna jarirai. Ashe mai duba ya ce a ba da ni ga abin da ya fi mutum tsawon rai. Inna ta kai ni gindin ceɗiya, ta ɗaura mata jan ƙyalle, ta ce ga ɗanki nan. Durƙuson da ake sa ni yi a wurin kowace sabuwar shekara ina yaro, ni duk a zatona gunkin ƙasa nake gaisarwa. Ke kin san wannan? Ina tambaya ne cikin ladabi, amma ina so ki amsa.

Ba wannan ne mafi muni ba. Inna ta ce a shekarar da aka tsaga ƙirjina a asibitin Guangzhou ceɗiyar ta zubar da ganyenta. Ga maganarta kamar yadda ta faɗe ta: "Mutuwarka ce ta zo, ceɗiyar ta tare ta, ta haɗiye. Tana tsaye tana riƙe maka ita, ka zo da zarto ka kwance ta. Yanzu ina kake so ta nufa? Ni ma uwa ce. Gara ta zo ta same ni, ba kai ba."

Tun ranar ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Na dama kunun shinkafa, na yanka mata ƙwan agwagwa mai gishiri da take so, ta juya fuska bango. Idanunta sun faɗa. Na zazzage ƙasidun nan kaf, akwai maganar bishiya a gabas da bishiya a yamma, amma babu wadda ta faɗi abin da mutum zai yi idan bishiyar mahaifiyarsa ce.

Na yi ne don in tsawaita kwananta, Yaya.

Ƙanenki cikin firgici,
Kunfa

Ƙauyen Shakeng
Bayan 'yan kwanaki

Yayata abar girmamawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Ki zauna kafin ki karanta.

Baba Deng ne ya kawo shawara. Ya ce, "Uwa ta mutu an bar ta yashe, ba wanda ya yi mata sutura. Ku binne ta da abin da ta haɗiye mana." Na durƙusa gaban gadon Inna na faɗa mata. Ta ce, "In ka iya."

Na ɗinka farar rigar makoki, na sa takalmin kaba, na naɗe guntun gangar jikin ceɗiyar a farin ƙyalle. Na riga na shirya wa dariyar gari, domin ban taɓa jin an yi wa itace jana'iza ba.

Da na buɗe ƙofa da safe, sai na ga jama'a. Maza ne tsaye a filin, kowa cikin farare, kowa da turaren tsinke a hannu. Ga Baba Deng, ga tsohon shugaban makarantarmu da sandarsa, ga mahaucin kasuwa, har da wani magidanci da ya taso takanas daga Shenzhen da motarsa. Duk 'ya'yanta ne. Duk an taɓa ɗaura jan ƙyalle dominsu. Ni da nake ganin ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu, ashe 'yan'uwa ne da ni cike da gari, kuma ni na mayar da su marayu.

Mahaucin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wuce gaba, auta mai kamfas. Kai ka kayar, kai za ka ɗauka."

Na ɗauka. Muka hau tudu, muka haƙa rami, muka rufe. Shugaban makaranta ya yi kuka har gilashinsa ya faɗi. Ni ma ban san lokacin da nawa ya zo ba.

Da muka sauko, Inna na zaune a dokin ƙofa, ban san wa ya fito da ita ba. Ta ce, "An zurfafa ramin?" Na ce an zurfafa. "An danne da dutse?" Na ce babba kuwa, mu huɗu muka mirgino shi. Ta ƙare wa rigata da ta yi buɗu-buɗu da jar ƙasa kallo, sannan ta ce, "To, tsayuwar me kake yi? Kunun nan ya huce, je ka ɗumamo."

Ta shanye kwano guda, ta ce gishiri bai ji ba, ta miƙo a ƙara mata.

Ina roƙonki, idan akwai wani dutse ko rijiya a gidan nan da muke da zumunci da su, ki sanar da ni da wuri.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Kunfa