Laka a Filin Aro

Dakoro, bazarar 1963
Zuwa ga Kawu Elhaji Sa'adu, Maradi

Kawu, ka taɓa jin an hana mutum gina ɗaki a gidan da ya yi rarrafe? In ba ka taɓa ji ba, to yau ka ji. Gafarta mini, gaisuwa ta biyo baya. Ina gaishe ka da iyali, Inna ma tana gaishe ka.

Kwanon rufin da ka aiko ya iso lafiya. Na bi shawararka, na tafi biro, ofishin gwamnati, neman permi, takardar izinin gini, don in tada wa Inna ɗakin laka kafin damina, da shago a bakin hanya kamar yadda ka ce. Komi, magatakardan biron, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa zai rubuta mini. Na ce miƙo alƙalami, ban shiga makarantar lakwal ba, amma rubutun jikin buhunan gyaɗa da gwangwanin tumatir ya koya mini abin da ya ishe ni. Ya ce doka sai an yi shela ran kasuwa, mai magana a kan filin ya fito. Na yi dariya. Wa zai fito?

Kawu, Intalla ya fito! Intalla mai raƙuma, aminin Baba, wanda ya sa Baba a kabari da hannunsa. Ya tsaya gaban kumandan, ya gyara amawali, ya ce: "Filin nan masaukin raƙumana ne. Aro na ba Almu, uban yaron nan. Ya dafa Alƙur'ani ba zai sa laka ba, ba zai dasa icce ba." Na ce, "Tsoho, rana ce ta buge ka?" Ko dubana bai yi ba. Na sheƙa gida ina jiran Inna ta ce ƙarya ne. Sai ta juya fuska wajen zana, ta ci gaba da tankaɗe.

Ni da nake zagin Baba cikin raina, ina cewa lalaci ne ya bar mu cikin kara alhali kowa na da katanga! Kai ne babban da ya rage mana. Rubuto ka ƙaryata shi, in kai wa kumandan.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Arzika

Maradi
Zuwa ga ɗana Arzika

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da mahaifiyarka, takardarka ta same ni cikin ƙoshin lafiya, alhamdu lillahi.

Ka rage zafin kai. Ba a ce wa dattijo rana ta buge shi. Intalla bai yi ƙarya ba. Ina kan tabarmar ranar da mahaifinka ya rantse, ni ne shaida. Sa'ad da kunka taso daga garin Mai Yara shekarar fari, ba ku da inda za ku aza tukunya. Al'ada ce: filin aro kara ake kafa masa, domin laka da icce su ne ke cewa "nan nawa ne".

Amma zamani ya juya. Na zaci a irin wanga lokaci Intalla yana can Tagriss wajen rijiyoyin danginsa. Da shela ta wuce ba ya nan, da permi ya fito, takardar gwamnati kuwa ta fi bakin tsoho. Kai ba ka rantse ba, kuma ban gaya maka ba don ka shiga biro da farar zuciya. Da kun sami gida, ni kuma na sami wurin aje gero kusa da kasuwa. Allah bai nufa ba.

Kwanon nan, ka ɗora shi a kamyon, motar kayan Baraka direba, in ya zo, kada ya yi tsatsa.

Allah ya shirye ka, ya yi maka albarka.
Kawunka, Elhaji Sa'adu

Dakoro

Kawu, salamu alaikum. Iyakar gaisuwar da bakina ya iya ke nan.

Na karanta takardarka, na sake karantawa, ina cewa ko karatuna na buhu ne ya ruɗe ni. Kada kwano ya yi tsatsa? Ƙanwarka fa, ciki ɗaya?

Ƴaƴan Intalla sun zo, sun ce mu kwashe zanarmu kafin ruwan farko. Mun tafi wurin Intalla, Inna ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa gaban tsohon, ina tsaye ina kallo. Ya ce mata: "In ɗan Almu ya taka rantsuwar ubansa yana sane, aro ya ƙare. In tura shi anka yi bai sani ba, wanda ya tura shi ya zo ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a, ki zauna har ƙarshen ranki." Na ce ga takardarka, in karanta masa. Ya ce takarda ce ta kawo mu nan, shi baki ya sani.

Baraka zai koma Maradi wayam, kai zai ɗauko. Allah ya kawo ka lafiya. Ran kasuwa mai zuwa ka tsaya tsakiyar mutanen Dakoro, waɗanda ka ke sayen geronsu, Intalla na damanka, Inna na hagunka, ka ɗaga murya ka amsa: wa ya san da rantsuwar nan, ni ko kai?

Arzika ɗan Almu