Goshin Hemraj Ya Koma Babu Tika

Zuwa ga Yaya Dhruba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, Ubangiji ya tsare ka da zafin Doha. Inna tana nan, sai ciwon gwiwa. An yi bikin Dashain babu kai, kuma gara da ba ka zo ba, don ƙaninka Hemraj ya zubar mana da mutunci.

Ka tuna alkawarin da ya shiga majalisar lardi da shi: ba za a fasa dutsen da ke saman ƙauyenmu ba, tunda daga ƙarƙashinsa ruwan gonakin shinkafarmu ke ɓulɓulowa. To, babbar jam'iyya tana neman ƙarin kujeru biyu kafin ta kafa gwamnati, jam'iyyar su Hemraj kuwa uku gare ta. Aka yi ciniki, aka ba shi ministan gandun daji. Mu wawaye har da rataya masa furanni! Wata huɗu kacal majalisar ministoci ta ba kamfani izinin fasa dutsen. Na kira shi raina a ɓace, wai shi a ɗaki ya ƙi, amma abin da ministoci suka yanke tare dole kowa ya kare shi a waje, ko ya ajiye muƙami. Na ce to ajiye mana, da kujerar aka haife ka? Sai ya kashe waya.

'Yan adawa suka kawo ƙuri'ar rashin amincewa. Yaya, da su ukun nan sun juya baya, da gwamnati ta faɗi, izinin ya bi ta. Da idona na gan shi a talabijin ya miƙe yana yabon kamfanin, ko kunya babu. Gwamnati ta tsira, yanzu motocin haƙa suna bakin rafi.

Ranar sa tika a bikin ya iso da jiniya, ya durƙusa gaban Inna ya miƙa goshi. Ta manna wa kowa tika, jar shinkafar albarka, a goshi, har jikoki, ta tsallake shi. Ya ce ai ya san zuciyarta ba ta ƙi shi ba. Ta ce ƙwarai, a ɗaki ita ma ta roƙa masa, amma gida ya yanke tare, dole ta kare. Haka ya koma mota da goshinsa fayau.

Inna da Kawu Lokendra suna gaishe ka. Ka gaida matarka Sabitri. In Hemraj ya kira ka yana neman mai lallashi, kada ka soma.

Ƙanwarka,
Menuka