Mangwaron da Na Dasa a Garkar Aro

Zuwa ga Malama Sa'adatu mai filin shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, 'yar nan. An ce mini kina amsa wa kowa, har tsofaffi irina da ba su yi boko ba. Ni faɗa nake yi, Dibora tana rubutawa. Ita ce ungozomar likita, wato asibitin garin nan, Kirista ce daga cikin Damagaram, kuma ita ke karanta mana jaridarku idan ta zo. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara. Sunayen mutane dai ki sake su kafin ki buga, ba na son in ƙara ɓata abin da ya fara ɓaci.

Bari in fara da godiyar Allah, don kada ki ɗauka wahala nake sha. Ba na shan wahala. Ina cin abinci, jikokina sun yi kumatu, tarin da na zo da shi ya tafi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗin zama kamar na wannan wuri ba, shi ya sa ma tsoron ya yi mini yawa.

A Damargu aka haife ni, amma ina amarya mijina ya tafi da ni Kano ci-rani, ci-ranin da bai ƙare ba ke nan. A Fagge na haihu, a Fagge na tsufa, a gidan haya, ina tuyar ƙosai a bakin hanya. Can aka binne maigidan. Rana ɗaya aka ce baƙi su fita. Na ce to Allah ya kai su gida lafiya, ashe har da mu ake. Aka loda mu a mota da ni da ɗana Lawan da matarsa Rabi da yara, kaskon tuyata a kan cinyata har bakin iyaka. Muka nufi ƙauyenmu na Damargu, muka tarar fari ya riga mu. Rijiya ta cika da rairayi, ɗakuna ba jinka, ko kare ba mu gani ba. Muka juyo bayan garin Damagaram inda ake rabon jar dawa, muka zauna cikin dubun mutane. A Kano ana ce mana 'yan Nijar, a nan kuma yara suna bin mu suna 'yan Najeriya.

Daga can gwamnati ta kwaso mu a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa bakin wani tabki a ƙasar Mirriya, aka ce mu yi noman rani. Mai gari ya roƙi masu fadama su ba da aro, mutanen furoje, wato shirin tallafa wa manoma, suka gina rijiyoyi, suka ba mu iri. Tawa garkar ta faɗo cikin fadamar wani dattijo Babarbare, ki sa masa Mala. Lawan bai daɗe ba ya sulale ya koma Kano ta barauniyar hanya, wai shi hannunsa na facin taya ne. Saura ni da Rabi.

Malama, ni da ban taɓa riƙe fartanya ba, yau ni ce mai shu, wato kabeji, da salati da tumatir da dankalin nasara. Shu ɗin nan da farko ban san yadda ake ci ba, dafa shi na yi ta yi kamar kuka har ya narke. Yanzu kwaɗonsa nake yi da ƙuli-ƙuli, ranar kasuwar Mirriya kafin azahar ya ƙare. A dama da garkata akwai Buzuwa da raƙumansu suka mutu, a hagu wata 'yar Cadi da yaƙi ya koro, ba ta jin Hausa sai ɗan abin da ba a rasa ba, da hannu muke hira kuma muna dariya. Matar Mala, Falmata, ita ta koya mini yadda ake jan kwali, 'yar hanyar nan da ake haƙawa, a kai ruwa. Kullum sai ta leƙo ta kan shinge ta ce Bakanuwar ƙarya, yau ma kin shayar da ciyawa kin bar albasa da ƙishi? Ni kuma in ce mata Babarbariya, je ki fara koyon faɗin sunana daidai tukuna. Haka muke.

To, ana nan sai wani mai kakin daji, ma'aikacin gandun daji, ya zo da dashen itatuwa a cikin baƙar leda. Ya tara mu ya ce rashin itace ne ya kawo fari, kowace garka sai ta dasa, kuma zai dawo ya duba. Akwai dogon yaro, akwai mangwaro. Wasu na ga sun karɓa sun kai bakin masallaci, ban tambayi dalili ba. Ni na zaɓi mangwaro, na ce ko ba na nan yaran nan su sha. Na dasa shi kusa da rijiya, na kewaye shi da ƙaya.

An kira Dibora wajen haihuwa, daga nan Rabi ce ke rubutu. Ajin yaƙi da jahilci take zuwa, in kin ga layin ya karkace ki yi haƙuri. Da ban so ta ji wannan ba, amma yanzu ta ji.

Bayan dashen da 'yan kwanaki Mala ya zo wucewa. Ya tsaya a kan mangwaron ya daɗe yana kallo. Na gaishe shi ya amsa da rabin baki ya wuce. Tun ranar Falmata ba ta ƙara leƙowa ba. Na aika mata da kwaɗo, kwanon ya dawo a wanke, ba ko sannu. Sai da na tare ta a hanyar rijiya na riƙe mata zane na ce sai ta gaya mini laifina. Ta ce yanzu ke da furfurarki ba ki san wanda aka ba aron ƙasa ba ya dasa itace a kai ba? Ta ce a nan wanda ya dasa itace cewa yake yi wurin nasa ne, har jikokinsa. Ta ce 'ya'yan Mala suna ta yi masa surutu, wai ya ba da fadamar kakansu ga 'yan gudun yunwa ga shi sun fara kafa iyaka. Na rantse mata ban sani ba. A gidan haya na yi rayuwa, abin da na taɓa shukawa bai wuce tafasa a tsohon kwano ba, wa zai gaya mini? Ta ce ita ta yarda, amma ba ita ce mai fadama ba. Da za ta tafi ta juyo ta ce albasata tana son taki.

Na ce to in tumɓuke shi mana. Sai Buzuwar nan ta ce kul, wanda ya kashe itacen gwamnati jandarma ne ke zuwa. Ga shi kuma an fara ganin hadari, kamiyo ya fara zuwa yana kwasar mutane yana mai da su garuruwansu. Idan Mala ya ce a ba shi wurinsa, ni wane gari za a rubuta mini? Damargun da ba kowa, ko Kanon da ta kore ni?

Rannan har buɗe ƙayar na yi don akuya ta shiga ta cinye shi, in ce tsautsayi ne. Tana sa baki na ji ba zan iya ba, ni na kore ta da zanena. Ya yi sabon ganye ja-ja, Malama. Har yau ina ba shi ruwa, amma sai na waiga.

Ki gaya mini, in cire ko in bari? Ba fadamar kowa nake so ba. So nake in ƙare kwanana a nan, in ci gaba da jin tsiyar Falmata ta kan shinge.

Tsohuwa mai garka, ƙasar Mirriya.

Amsa

Iya, na gaishe ki da aiki, na kuma sake sunayen kamar yadda kika ce.

Kada ki cire mangwaron, kada kuma ki sake buɗe wa akuya. Kashe shi a ɓoye ba zai wanke ki a wurin Mala ba, zai dai ƙara miki magana da mai kakin daji. Kada kuma ki fara da kai ƙara ofis. Ranar da ma'aikaci ya zo ya tsawata wa Mala saboda ke, kin samu itace kin rasa maƙwabci, kuma ma'aikacin gida zai koma ya bar ku tare.

Ki dubi abin ta wurin Mala. Mutumin nan ya ba da fadamar gadonsa a shekarar da kowa ke riƙe abin hannunsa. An ce masa aro ne. Ya ga an gina rijiyar siminti bai yi magana ba, yanzu ya ga itacen da zai fi shi daɗewa a duniya. Tsoron da ke hana ki sukuni irinsa ne ke damunsa: ke kina tsoron a tashe ki, shi yana tsoron 'ya'yansa su tashi su tarar wurin ya fita hannunsu. Ke kuma ba ki yi laifi ba. An ce ki dasa kin dasa. Waɗanda suka kai nasu bakin masallaci sun san al'adar ne, da ɗayansu ya ja ki gefe da ba a kai nan ba. Kuma ki lura, har yanzu Mala bai ce ki tashi ba, bai aiko an cire ba. Matar da ta gama fushi da ke ba ta tuna miki da takin albasa.

Ga abin da za ki yi, kuma cikin makon nan, kafin ruwa ya sauka kowa ya shiga gona. Ki samu Falmata tukuna, ki ce kina son ki zo gaban maigidanta, ta zaɓa miki ranar da manyan 'ya'yansa suke gida, don su ne masu surutun. Ki roƙi mai gari da liman su raka ki. Ki riƙe goro. A gabansu ki faɗa da bakinki cewa ƙasa ta Mala ce, mangwaron da ke kanta ma nasa ne da 'ya'yansa, ke mai ban ruwa ce kawai, kuma rashin sani ne ya sa ba ki nemi izni ba. Kada ki tsawaita, kada ki kawo labarin Kano. Idan da hali ki roƙe shi ya taka zuwa garkar ya zuba wa itacen ruwa da hannunsa mutane suna gani. Abin da shaidu suka ji suka gani shi ne zai tsaya bayan ku duka. Maganar yara su sha 'ya'yan itacen ki bar shi ya faɗa da kansa. Ina kyautata zaton zai faɗa.

Idan ya ƙi, ba a rasa hanya ba. Mai gari ya kira mai kakin dajin, a gabansa a ciro dashen da ƙasarsa a farkon damina a mai da shi lakwal, wato makarantar boko, ko bakin masallaci. Itacen bai mutu ba, ba wanda zai ce kin kashe. Kuma ya kamata mai gari ya gaya wa mutanen furoje abin da ya faru, don na tabbata ba garkarki kaɗai aka dasa wa itace a ƙasar aro ba. Zaunar da baƙi ba ya ƙarewa a rijiya da iri, sai an zauna da masu ƙasa an faɗi abin da aka ara da abin da ba a ara ba.

A zaman nan kuma ki yi tambayar da kike gudu: za a bar miki garkar a rani mai zuwa? Mai yiwuwa Mala yana son wurin da damina, hakkinsa ne. Gara ki ji yanzu, mai gari yana zaune, ya san inda zai sa ku.

Batun kamiyo, iyakar sanina masu garin komawa ne ake mayarwa don su riski shuka. Ban isa in yi miki alkawari da sunan gwamnati ba, amma ki gaya wa mai gari ƙarara cewa ƙauyenku ya tashi, kuma nan kike son zama. Ke haifaffiyar Damargu ce, ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dibora ta san hanyar ofis, ta raka ki da Rabi ku nemi takardar shaidar haihuwa da katin ɗan ƙasa, har da yaran. A aika wa Lawan ma ya san halin da ake ciki, uwarsa da iyalinsa ne.

Rabi, hannunki ya karantu sarai, kada ki bar ajin. Ki raka Iya ranar, ki riƙe mata goron.

Allah ya sanyaya zuciyar Mala, ya ba mu damina mai albarka, ya bar ki a inda hankalinki ya kwanta. Gobe da safe ki ba mangwaron ruwa ba tare da waige ba, daga can ki wuce gidan Falmata.

Malama Sa'adatu