Katin da ya fi ƙarfin janareta

Ƙanena Bashiru,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya iyali, ya jikin Hauwa'u? Mu nan Gummi lafiya lau, Inna na gaishe ka.

Katin hoton kwamfuta da ka ce in saya don haɗa bidiyon biki, mai giga sha biyu, na raina shi. Na ɗauki mai ashirin da huɗu a shagon da ka kai ni nan wajenku Legas, ninki biyu a kuɗi, wai ya yi mini shekara biyar. Ashe cin wuta gare shi. Ina kunnawa janareta ke shaƙewa. Bidiyon bikin ɗiyar Alhaji Sani sati uku ke nan ban haɗa ba, jiya da kansa ya zo nema.

Ka lallaɓi mai shagon ya musanya mini da ƙaramin. Ka ce masa sabo ne, bai taɓa aikin minti goma ba. Wannan ko rantsuwa zan yi.

A sa mu a addu'a, ka gai da yara.

Yayanka,
Lawali