Taku Tara Zuwa Bakin Kwari

Barunde, Gombe. Laraba bayan la'asar, ruwa ya ɗauke.

Bappa, assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Ikko? Muna lafiya.

Farkon damina na auna daga ɗakin Dada zuwa bakin kwari, taku goma sha huɗu. Yau tara ne. Maƙwabta sun shafe tsakar gidajensu da siminti, duk ruwansu ta bayanmu yake bi. Na ce ta koma gidan Goggo, ta ce, "Mai digiri, ƙasar nan ta girme ka." Maganar ɗanta kaɗai take ji, ku kira ta yau.

A gaida su Inna, a taya mu addu'a.

Abin da ban sani ba: sauran ruwan bana, da ƙarfin ginin. Takun kam, sau uku na ƙirga.

Ɗanku, Usman