Motar Abu Nasir Marar Rufi

Al-Suwaidi, Riyad
Watan Afrilu

Zuwa ga matata Zouera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Rahina. Yaya tarin nan nata, ya sake ta? Ki miƙa gaisuwata ta girmamawa ga mahaifinki Malam Buraima, da Inna, da duk mutanen gida a Tibiri. Ni lafiyata lau, sai zafi da ya fara.

Na rubuto a takarda ne saboda wayar gidanku tana hannun wanki Yacouba, kuma na san halinsa. Saƙon murya ko na sirri ne sai ya kunna a tsakar gida, har kaji su ji.

Zouera, ba zan zo wannan watan ba. Na sani, na sani, ni na ce miki bana ko ana ha-maza-ha-mata sai na zo, har na ɗaure kaya. Amma kin san direban gida ba ya barin ƙasar nan sai kafil, wato uban gidan da ya ɗauko shi, ya yarda. Abu Nasir ya yarda tun watan jiya. Sai mota ta shiga tsakani.

Kada ki zaci wata sabuwa ce dal. Tsohuwa ce, ta girme ni, ƙirar Amurka ta shekarar 1969, wai ita Fontiyak. An warware ta ƙusa-ƙusa an sake haɗawa, an fesa mata koren fenti mai duhu, har kana ganin haƙoranka a jikinta. Ƙofa biyu gare ta. Rufin kuwa na tamfol ne, ana naɗe shi baya ka zauna a fili kamar kana kan amalanke. Mai sayarwa ya ce irinta ba su da yawa a duniya. Kuɗin ba zan rubuta ba, don kada ki ce na fara ƙarya.

Abu Nasir ya tsufa, idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Ashe lokacin da yake karatu a Amurka yana saurayi irin wannan motar ya hau. Da muka je wurin masu sayarwa, tsohon nan shafa ta ya riƙa yi da tafin hannu, yana kiran sunayen abokansa da suka mutu.

To ga inda na jawo wa kaina. Motar giyar hannu ce, mai kuloci. Nasir, babban ɗansa, da ƙannensa duk ba wanda ya taɓa taka kuloci a rayuwarsa. Direban matan gidan, ɗan Indiya, ya girgiza kai ya ce bai iya ba. Yanzu nake gane wayo ya yi mini. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na ce ai ni da irin wannan giyar na ci abinci a hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, cikin rairayi, da buhuna a sama. Aka miƙo mini makulli. Da na tayar da ita sai da gilasan wurin suka amsa, na zaga da ita fili ko shaƙewa ba ta yi ba. Tsoho ya tafa hannu, ya ce halas, wato magana ta ƙare, ya saya, tunda Allah ya ba shi direba a cikin gidansa.

Shi ke nan fa. Yanzu wai sai an gama ciniki, an yi takardu, an kawo ta gida, sannan a yi maganar hutuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan kama sai kaina. Ki ƙara haƙuri kaɗan, ba zai daɗe ba in sha Allah.

Ki shafa mini kan Rahina.

Naki har kullum,
Laouali

Al-Suwaidi, Riyad
Watan Agusta

Zuwa ga Zouera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Rahina. Yaya damina, ruwa yana sauka kuwa? Allah ya sa gero ya yi kyau. Gaisuwa ga Malam da Inna.

Saƙon Malam ya iso ni ta bakin Yacouba. Wai in ban zo ba kafin a gama shigar da hatsi rumbu, zai kai magana gaban mai gari a raba auren, domin shi bai aurar da 'yarsa ga waya ba. Shekara huɗu ba wasa ba ce, ban musa ba. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dalilin da ya kawo, wai na sayi motar alfarma ina holewa a Riyad, na mance da ku.

Zouera, don Allah! Ni? Hoton da ya jawo wannan maganar, Salissou ne ya ɗauke ni, ɗan Damagaram ɗin nan da ke sauke kayan gwari a kasuwar Al-Aziziya. Ya zo gaishe ni ranar Juma'a ya tarar ina goge ta. Ya ce in shiga in ɗora hannu a sitiyari, in sa baƙin tabarau. Kowa a nan yana yi. Akwai wanda ya ɗauki hoto a ƙofar bene mai hawa ashirin, alhali shara yake kwashewa a ciki. Na tura wa Yacouba don a yi dariya, shi kuwa ya watsa wa duk Tibiri ba tare da ya ce ta maigida ce ba. Yanzu har ɗan'uwan babana ya aiko wai in taimaka masa da babur, tunda Allah ya buɗa mini.

Bari in gaya miki holewar da nake yi. An kawo motar a bayan babbar mota, an sauke ta kamar ƙwai. Tun ranar ba ta fita ƙofar gida ba. Wa zai hau mota marar rufi a zafin Riyad? Kujerun fata ne, in rana ta buge su ko hannu ba ka iya ɗorawa. Tana cikin gareji an kunna mata na'urar sanyi dare da rana, ni kuwa ta ɗakina tun bara take tari. Kowace safiya sai na yaye mata mayafi, in tayar da ita, tsoho ya zauna a kujerar roba ya rufe ido yana sauraron ƙugin injin. In ya ƙoshi ya ɗaga hannu, in kashe, in goge, in rufe. Aikin ke nan. Mota ta zama jaririya, ni ne mai reno.

Na yi masa maganar hutu, na ce ga shi ba a hawanta, bari in je in dawo kafin sanyi. Ya ce to wa zai riƙa tayar da ita? In ta kwana biyu ba a tayar ba wai za ta lalace. Na ce Nasir ya murɗa makulli kawai, ba sai ya tuƙa ba. Nasir ya ce shi ba ruwansa da wannan tarkacen, dama bai so a saya ba. Kullum amsar ɗaya ce, bukra, wato gobe. Goben nan tasu ba ta wayewa.

Ki je ki sami Malam idan ya idar da sallar la'asar, lokacin ya fi sauƙin kai. Ki karanta masa wannan da kanki. Ki ce masa ko tayar motar nan ba tawa ba ce.

Ke kuma ban ji ta bakinki ba. Malam ya ce, Yacouba ya ce, ke me kika ce?

Mijinki,
Laouali

Al-Suwaidi, Riyad
Farkon Oktoba

Zuwa ga Zouera,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya, ke da Rahina da kowa da kowa. Sannunku da aikin kaka.

Takardarki ta zo. Na yi ta juya ta ko akwai wani abu a baya, babu. Kin ce kin karanta wa Malam, ya ce mota tasa ce ko ba tasa ba, shi mutum yake son gani a ƙofar gida. Kin ce kin gaji, kuma ba za ki yi jayayya da mahaifinki ba. Iyakar abin da kika rubuta ke nan. Ban ga laifinki ba, amma wallahi ya yi mini ciwo.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce bari in koya wa wani giyar, in samu in kuɓuta. Na lallaɓa ɗan Indiyan nan, ya ce ƙafarsa ta hagu tana ciwo. Ƙafar da yake buga ƙwallo da ita duk Juma'a! Na kawo Salissou, tsoho ya yarda a gwada a tsakar gida. Salissou ya saki kuloci gaba ɗaya, mota ta yi tsalle ta mutu dab da bango. Tsoho ya miƙe yana salati yana kaɗa sanda, ya rantse ba wanda zai ƙara zama a kujerar nan sai ni. Ka ji yabo mai ɗaure mutum.

Juma'ar da ta wuce iska ta ɗan yi sanyi, sai ya ce a fito da ita bayan asuba. Na naɗe rufin, muka bi hanyar Makka har wajen duwatsu. Zouera, ba zan ɓoye miki ba, motar tana tafiya. Ka ɗan taɓa ta sai ta manna ka da kujera. Iska ta fizge wa tsoho rawanin kansa ya tafi, ya ce kada in tsaya. Ya buɗe baki yana dariya, hawaye na bin kuncinsa, yana ce mini in ƙara, in ƙara. Ba ya ganin hanya, iskar kawai yake ji.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na tsane shi na huta. Mutumin nan bai taɓa zagina ba, in na yi zazzaɓi da kansa yake aiko mini da magani. Amma da muka dawo yana cikin farin ciki, na ce yau ce ranar. Na durƙusa na faɗa masa komai, har maganar mai gari. Ya dafa kaina ya ce mata haka suke, in aika mata da zinariya za ta huce. Ya ce duk shekara wata biyar kacal ake iya hawan motar nan, kuma yanzu suka fara, shi bai san ko zai ga wani sanyin ba. In bari sai Maris, zai ba ni hutu mai tsawo.

Maris! Ina Maris ina kakar gero?

Na je wurin Nasir, tunda shi ke riƙe da takardun ma'aikata. Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko in jira Maris in tafi hutu in dawo, ko ya buga mini fita ta ƙarshe gobe-goben nan, wadda ba dawowa, ba aiki, ba iƙama, wato takardar zama. Ya ce in zaɓa, kuma ya san ba mai hankalin da zai zaɓi ta biyu.

Kaina ya kulle. Aikin nan shi ke ciyar da ke da Rahina da tsohuwata. Ki roƙa mini Malam ya ɗaga mini ƙafa zuwa Maris, ko don darajar yarinyar nan. Ki amsa mini da wuri.

Naki,
Laouali

Al-Suwaidi, Riyad
Ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Zouera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da Rahina, da Malam, da Inna. Mai kawo miki wannan zai riga ni isowa da kwana kaɗan.

Amsa ba ta zo daga gare ki ba. Yacouba ne ya kira, ya ce Malam ya ce ba Maris ba ko gobe, kuma dammunan gero na ƙarshe suna kan hanyar gida.

Na ce wa Nasir ya buga mini fita ta ƙarshe. Sai da ya ajiye wayar ya dube ni, ya tambaye ni har sau biyu. Na ce ya buga.

Da na shiga sallamar tsoho yana zaune a gareji. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni wa zai fita da shi ranar Juma'a, na ce ban sani ba. Sai ya ce in ajiye makullin a kan kujera in ja mayafin in rufe ta. Na miƙa masa hannu, ko bai gani ba ne ko ya ƙi, Allah masani. Na fito ina jin haushin kaina, don me zan ji tausayin mai motar da ta kusa cinye mini aure? Amma na ji, har yanzu ina ji.

To, Zouera, ga ni nan tafe, sai dai ba yadda na so in zo ba. Ba hutu na zo ba. Ba wata mai zuwa da za a ce Laouali ya turo kuɗi. Abin da zan yi a Maraɗi ban sani ba tukuna, wataƙila in koma tasha in nemi wanda zai ba ni mota. Malam ya ce mutum yake son gani a ƙofar gida, zai gani. Wannan tsakanina da shi ne, kuma na cika.

Saura tsakanina da ke. Na bar aikin nan ban san ko kina sona ba har yanzu, domin abin da kika rubuta mini na ƙarshe shi ne kin gaji. Ina jin tsoro, na faɗa miki gaskiya, tsoron da ban ji ba ranar da na baro gida. In na gama gaida Malam a zaure zan zauna nan, ba zan aika Yacouba ya kira ki ba, ba zan roƙi kowa ya sa baki ba. In kina so, ki fito da kanki.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki, in kin yarda,
Laouali